Matakalar da Aka Sa Domin Malama

Mahaifina gajere ne, amma har yau bai amsa laifin ba. In an tsokane shi sai ya ce shi daidai yake, mutanen yanzu ne suka yi tsawon banza. Direba ne tun ban zo duniya ba, kuma gida ɗaya na tashi na ga yana yi wa aiki, gidan Malama, tsohuwar shugabar makaranta wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da wata ƙaramar mota mai kusa da ƙasa. A motar nan Baba ya yi ta jigilar yaran zuwa makaranta har suka girma suka watse. Shi ya sa kowa a gidan yake ce masa Baba Direba, har Malama kanta in tana cikin raha.

Yana da dokokinsa da babu wanda ya kafa masa. Ba ya danna hon a ƙofar gida. Ba ya cin abinci a cikin mota, ko da yunwa za ta kashe shi. Babbar dokar kuwa ita ce ta ƙofa: duk inda ya tsaya, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, sai ya fito ya zagaya ya buɗe wa Malama, ya jira ta tattara mayafinta, sannan ya rufe a hankali. Umma takan ce da ita ake yi wa wannan hidimar da tuni ta yi ƙiba. Shi kuma ya ce in ta sayi mota ta zo a yi magana.

Tare suka tsufa da ƙaramar motar. Rediyo ya mutu, fitilar rufi ta mutu tun ina firamare, gilashin baya sai an taimaka masa da tafin hannu kafin ya hau. Baba bai taɓa ganin aibinta ba, don in ya buɗe ƙofa zama kawai yake yi, kamar a kujerar ɗakinsa. Ranar da injin ya buga a tsakiyar hanya, makaniki ya leƙa ya ce a yi mata addu'a kawai, autan Malama, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya aiko wa uwarsa da jif. Baƙa ce, doguwa, tayoyinta manya. Unguwa ta fito kallo, ana ta sambarka. Ni na tsaya kusa da Baba, na ga ba fentin yake kallo ba, tazarar da ke tsakanin ƙasa da bakin ƙofa yake aunawa da ido. Ta kusa kai masa cinya.

Abin da gidan Malama ba su sani ba, mu mun sani. Gwiwar Baba ta dama ta daɗe tana ba shi wahala. Da safe takan kumbura ta ƙi lanƙwashewa, sai Umma ta gasa masa da ruwan zafi ni kuma na murza masa man zafi, yana cije leɓe yana cewa ai sanyi ne kawai. Da na yi aure na koma bayan layinsu, aikin bai bar hannuna ba, don ya ce hannun Umma ba shi da tausayi.

Dabarar farko da ya yi ta ba ni dariya, daga baya ta ba ni haushi. Ya samo guntun katako mai kauri, ya huda shi, ya ɗaura masa igiya. Sai ya riga kowa zuwa, ya ajiye katakon a ƙasa, ya taka, ya kama sitiyari ya ja jikinsa sama, sannan ya janyo katakon da igiya ya tura ƙarƙashin kujera. Hawa ya samu. Amma in ya hau ya hau kenan, ba ya sauka sai an gama yawon ranar, don ba zai fito da katako a gaban mutane ba. Dokar ƙofa ta karye. Malama ta riƙa buɗe wa kanta, ta kama marikin sama ta haye kamar yarinya, shi kuma yana zaune yana duba madubin da ba abin da ya same shi.

"Baban yara, ka gaya musu gaskiya mana," in ji Umma wata safiya tana matse tsumma. "Ciwo ai ba sata ba ne."

"In gaya musu me? In ce na kasa hawa mota? Direban da ya kasa hawa mota ai sai a ce masa sannu da aiki, Allah ya ba da lada, je ka huta."

"To hutun zunubi ne?"

"Ke ba za ki gane ba."

Na sa baki na ce, "Baba, Auta fa ɗanka ne. Kai ka goye shi."

"Shi ya sa, Uwata," ya ce, don haka yake kirana. "Da baƙo ne da sauƙi. Auta tausayina zai ji. In ya ji tausayina kuwa, gobe za ki ga wani dogon yaro a kujerata, ni kuma ana aiko min da gaisuwa."

Daga nan na san ba ciwon yake tsoro ba, zaman gida yake tsoro. Mutum ne da bai san abin da ake yi da hantsi a tsakar gida ba.

A wani gareji ya ga maganin. Ya kai jif ɗin a duba mata batir wurin wani mai wayarin da ake kira Tartsatsi, dattijo mai gira ɗaya da rabi, wai batir ne ya taɓa yi masa aski yana saurayi. A nan ya ga an buɗe ƙofar wata doguwar mota, sai ga wani faffaɗan ƙarfe ya zuro daga ƙarƙashinta ya sauko ya tsaya daidai ƙafa. Aka rufe ƙofa, ƙarfen ya koma ya lafe kamar babu shi. Baba ya dawo gida yana ba da labari kamar wanda ya ga aljani. Matakala ce mai aiki da lantarki, ana sa wa kowane gefe ɗaya, kuma Tartsatsi ya iya sa ta.

Saura dalili. Ba zai ce don kansa yake so ba, sai ya bi ta kan Malama. Ya kira Auta a waya ya ce motar ta yi wa tsohuwa tsawo, yana tsoron ranar da santsi zai kwashe ta. Auta yaro ne mai son uwarsa, nan take ya ce duk abin da zai sa ta ji daɗin motar a yi, shi zai yi magana da garejin. Baba ya ga ƙofa ta buɗe, sai ya shigo da sauran kayansa. Ya ce a sa kyamarar baya saboda jikoki masu wasa a tsakar gida, alhali wuyansa ne ya daina juyawa sosai. Ya ce a canza fitilun gaba zuwa masu haske saboda ramukan hanya. Ya ce a ƙara mariki a gefen direba don ya yi daidai da na ɗaya gefen. Ni da na san jikinsa, in na kalli motar nan sai na ga duk inda yake masa ciwo.

Malama ba ta ji daɗi ba ko kaɗan.

"Baba Direba, ni ka mayar tsohuwa? Na ce maka na kasa hawa?"

"A'a, Malama. Rigakafi ne."

"Ka ji da shi. Ni dai ban aike ka ba."

Kayan suka iso, Baba ya tare a garejin. Na kai masa abinci sau da yawa, na ga wurin da idona: rumfar kwano, ƙasa ta yi baƙi da mai, wayoyi ja da baƙi da ruwan ɗorawa a rataye a kusoshi, da kwalayen da ake shimfiɗawa a kwanta a kai. An ɗaga jif ɗin, an ɗaure ƙafafun matakalar a jikin ƙarfen ƙasa da manyan notuna, an ja waya daga batir an sa mata fis. Baba na tsaye a kansu, yana miƙa sifana, yana tambayar sunan kowane abu, har Tartsatsi ya ce ko dai gadon garejin yake nema.

A ƙarshen aikin aka samu cikas. Dole matakalar ta san lokacin da aka buɗe ƙofa, kuma wayar da ke haɗa ta da makunnin ƙofa ba ta zo cikin kayan ba, wadda ta zo ta wata irin mota ce. Tartsatsi ya ce sai an yi oda, za a ɗan jima. Auta kuwa yana tafe hutu ƙarshen makon, kuma Baba ne zai ɗauko shi, ya sa masa jaka a but, ya yi ta hawa da sauka a gabansa.

Baba ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa, yana kallon sama. "Wannan fitilar ta rufi, ba in an buɗe ƙofa take kamawa ba?"

"Haka ne."

"To haɗa da ita mana."

"Zai yi aiki," in ji Tartsatsi, "amma ba na so. Fitilar tana da makunni na hannu. Duk wanda ya kunna ta, ko ana cikin gudu, matakala za ta ɗauka ƙofa aka buɗe, ta sauko."

"Wa zai kunna? Ni ba na taɓa ta. Malama kuwa tun kana koyon riƙe filaya nake tuƙa ta, ban taɓa ganin ta kai hannu ga fitilar rufi ba."

"Baba Direba, sauri fa ya haifi nawa."

"Na wucin gadi ne. Wayar na zuwa mu canza. Ni na ce ka yi, in wani abu ya faru a wuyana."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa gani ba. Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, fitilar tsohuwar motar matacciya ce, to me Malama za ta kai hannu ta kunna?

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin nasu ba. Ya jefar da katakon a bayan ɗaki. Ya ɗauko Auta, ya sauka ya hau a gabansa ba tare da ko nishi ba. Ya koma buɗe wa Malama ƙofa, har da ɗan rusunawa. Ita kuwa don taurin kai sai ta riƙa tsallake matakalar tana hayewa yadda ta saba. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ce tsohon nan ya ci nasara, duk da ƙaryar da ya yi.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar. Ina da tsohon ciki a lokacin, ranar awona ta zo ɗaya da ranar da Malama ke ganin likitan ido, sai ta ce a biya a ɗauke ni. Na zauna a gaba kusa da Baba, ita tana baya. Wurin ajiye motoci na asibitin a ƙarƙashin gini yake, ana sauka ta wani siririn gangare mai lanƙwasa, da dakalin siminti hagu da dama. Muna shiga duhu ya rufe mu, ga shi rana tsaka. Na ji Malama tana laluben jaka tana cewa ina ta sa katin nan. Sai haske ya cika motar.

Na ji ɗan kukan injin matakala a ƙarƙashinmu. Kafin Baba ya buɗe baki, ƙarfen gefen dama ya kama dakalin da wata irin ƙara, motar ta girgiza ta karkace ta nufi ginshiƙin da ke ƙasan gangaren. Na dafe cikina ina salati. A nan na ga abin da ba zan manta ba. Ƙafar Baba ta ƙi tashi daga kan totur. Sai da ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya kama cinyarsa ya ɗaga ta ya ɗora a kan birki. Muka tsaya, saura ƙiris bamba ta taɓa ginshiƙin.

Babu wanda ya ji ciwo. Malama da ke kujerar baya ba ta ga komai ba, sai faɗa take wa ya ajiye ƙarfe a hanya. Baba ya juyo ya kalle ni, na kalle shi.

Da la'asar muka haɗu a garejin, matakalar dama a lanƙwashe tana reto. Auta ya iso ransa a ɓace, kuma ban ga laifinsa ba. Ya tsaya a kan Tartsatsi yana faɗa.

"Uwata ce a ciki! Da mace mai ciki! Wane irin aiki ne wannan? Wa ya koya maka haɗa matakala da fitila?"

Tartsatsi ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, bai ko kalli inda Baba yake ba. Da Baba ya yi shiru, da maganar ta mutu a kan mai wayarin, a kai motar wani garejin, shi kuma ya koma kujerarsa. Na san ya san haka, don na ga yadda ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Auta," in ji Baba, "bar bawan Allahn nan. Ya hana ni, na ƙi ji. Ni na sa shi."

Ya jawo wani benci ya zauna, ya naɗe ƙafar wandonsa har sama. Gwiwar ta kumbura tana sheƙi. Ya faɗi komai, har da katako da igiya, har da kyamara da fitilu da mariki. Ya ce Malama ba ta taɓa bukatar matakala ba, shi ne mai bukata.

Malama ta riƙe haɓa. "Wato sunana ka ɓata a gari, ana cewa na tsufa, don ka rufa wa gwiwarka asiri? Lallai Baba Direba, ka iya."

Auta kuwa ya tsuguna a gaban bencin kamar yadda yake yi yana yaro in ana ɗaure masa takalmi. "Haba Baba. Da ka gaya min ai da matakala biyu zan sa maka. Shi kenan, ya wuce. A gyara ta yadda ya kamata, gobe mu je likita ya duba ƙafar, ka ci gaba da aikinka. Wa zai raba ka da motar nan?"

Abin da ya yi ta fafutuka a kai kenan, ga shi an miƙo masa a tafin hannu. Ni kaɗai na san saura, kuma ban san ko zan iya tona mahaifina a gaban mutane ba. Bai bar ni na kai ga zaɓi ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin motar.

"Ba a gama ba, Auta. Da matakalar ta kama, ƙafata ta makara. Sai da na ɗaga ta da hannu na kai ta birki. Uwata ta gani." Ya kalle ni. "Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba," na ce, hawaye na zubo min.

"An sa min abin hawa, an sa min abin gani. Ƙafar nan kuwa babu wayar da za a ja mata. Yau ginshiƙi ne, gobe ɗan wani ne a bakin titi."

"Ni ban sallame ka ba," in ji Malama, muryarta ta canza.

"Na sani, Malama. Ni na sallami kaina. Alfarma ɗaya nake roƙo: a bar ni na gama aikin nan da hannuna. Ba zan bar muku mota da haɗin ƙarya ba."

Ya miƙa wa Auta makullin. Auta ya ƙi karɓa, sai Baba ya ɗora shi a kan bonet ya sauke ƙafar wandonsa.

Wayar ta iso, da sabuwar matakalar dama. Baba ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar tare da Tartsatsi, suka kwance lanƙwasasshiyar suka ɗaura sabuwa. Suka cire haɗin fitila, suka buɗe murfin gefen ƙofa suka kai waya inda ya dace. Wurin matsattse ne, hannun Tartsatsi ya ƙi shiga, na Baba ya shige. Da aka gama ya sa aka kunna fitilar rufi aka kashe har sai da kowa ya gaji, matakala ba ta motsa ba. Aka buɗe ƙofa ta sauko, aka rufe ta koma. Ya sa aka ja motar a hankali aka kunna fitilar tana tafiya, don ya tabbata matakala ba za ta sauko ba. Sannan ya wanke hannu ya tako gida da ƙafa, yana ɗingishi a fili, tunda yanzu ba wanda yake ɓoye wa.

Na kwana biyu ina fargabar abin da zan tarar. Na san maza irinsa, in aka raba su da aiki sai su zauna a ƙofar gida su fara lissafin wanda ya gaishe su da wanda bai gaishe su ba. Ranar Litinin da hantsi na ɗauki man zafi na je. Na tarar da Umma ita kaɗai tana shara.

"Ina Baba?"

"Ya fita tun da sassafe. Ya sa tsofaffin kaya, ya ce kar a jira shi."

Ban tambayi ina ba. Na ja cikina har garejin. Wata farar jif ce a ɗage, ba ta Malama ba, da sababbin matakalai a jingine a bango ko ledarsu ba a cire ba. Tartsatsi na cikin motar yana bin waya, ya yi min nuni da baki zuwa ƙasa. Ƙafafu biyu gajeru ne suka leƙo daga ƙarƙashin motar, ta dama a miƙe a kan naɗaɗɗen kwali.

"Baba! Me kake yi a nan?"

"Aiki."

"Da wannan gwiwar? Kai wai ba ka gajiya ne?"

"A kwance ake yin sa, Uwata, ba ruwansa da gwiwa," muryarsa ta fito daga ƙarƙashin ƙarfe. "Bar surutu, miƙo min sifanar nan da ke kusa da ke."

Ciki ya hana ni sunkuyawa, sai na tura masa ita da ƙafa.